Dambun da Na Ɗaura a Ciki

In dai ina numfashi, ba zan manta da yammacin da na fitar da maƙwabciyata daga ɗaki ba, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi, shekara guda bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira. Jikokina sun ji labarin har sun haddace. Ina farawa sai su riga ni ƙarasawa, su kuma ƙara masa abin da bai faru ba. Wata a cikinsu har cewa take yi wai na suma. Ban suma ba. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi da hannuna yadda ya auku, tunda Allah ya nufe ni da iya riƙe biro, ko da yake sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na fara shiga aji.

Katanga ɗaya ce tsakanina da matar nan. Ita Kirista ce, 'yar ƙabilar Gude, iyaye da kakanni duk a ƙasar nan suka yi noma. Ni kuwa kakana ne ya biyo fatauci daga can yamma, ya ga Mubi ta yi masa, ya sauke kaya. Tare muka yi goyo, tare muka yi yaye, in gishirina ya ƙare ta saman katanga nake miƙa hannu. Adda take ce mini saboda na ɗan girme ta. Hausarta irin ta garinmu ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, na gyara har na gaji na ƙyale ta. Ni na ja ta zuwa makarantar manya, don na ce ba zan je in zauna kan benci ni kaɗai yara suna leƙena ta taga ba. A aji kuwa ita ce mai hana mu karatu. In ta tashi kwaikwayon yadda nake kama fensir kamar zan tuƙa tuwo, Malama kanta sai ta juya tana goge allo don kada mu ga tana dariya.

Sai abin da ya faru ya faru. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin kowa ya kama gabansa, mu muka bi duwatsu ta wajen Kamaru da abin da ke jikinmu. Mijinta dattijo ne mai hawan jini, bai iya hawan nan ba. A hanya ya cika, daidai faɗuwar rana, kansa a cinyarta. Mazan da ke tare da mu suka rufe shi a gurguje muka ci gaba. Ba zan tsawaita nan ba, kowane ɗan Mubi yana da irin nasa.

Da muka dawo, in da rana ne ba za ka ce wani abu yana damunta ba. Tana zuwa gonarsu a Mugulbu, tana zuwa kasuwa, tana zuwa coci ranar Lahadi. Amma da rana ta yi ja, sai ta ajiye duk abin da take yi, ko da tukunya ce a wuta, ta shige ɗaki ta danna sakata, ta jingina turmi a bayan ƙofa. Ba fitila, ba rediyo. In na yi mata magana ta katanga sai dai in ji, "Adda, sai da safe." Aji kuwa ta daina zuwa, tunda da yamma ake yi. Dariyar nan ta ɗauke ɗif.

Babban ɗanta yana aiki a Yola. Da ya zo Kirsimeti ya ga halin da take ciki, sai ya shigo gaishe ni, ya durƙusa ya ce, "Goggo, na yanke shawara. Bayan sabuwar shekara zan tafi da Mama. Ba zan bar ta a nan tana kulle kanta kamar fursuna ba."

Na ce, "Ka tambaye ta?"

Ya ce, "Ba sai na tambaya ba, ai na gani da idona."

Ni kuwa na riga na tambaya. Muna tsinke zogale wata rana ta ce mini, "Adda, in na tafi Yola wa zai noma gonar baban yara? A can za su ajiye ni gaban talabijin har in mutu. Amma yaro bai yi ƙarya ba, ni yanzu ba mutum ba ne." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ban da haka ma, ni kaina ba na son ta tafi, ba sai na ɓoye ba. In ta tafi, da wa zan riƙa faɗa?

Don haka na ce wa ɗan nata, "In ta fita bayan magariba da ƙafarta fa?"

Ya yi irin murmushin nan na waɗanda suka yi boko da wuri, ya ce, "Goggo, in Mama ta taka ko bakin titi ne bayan magariba, na bar miki ita."

Na ce, "Da bakinka ka faɗa, Allah yana ji."

A makon ne Malama ta aiko cewa za ta tara ɗalibanta a gidanta a unguwar Nassarawo, liyafar ƙarshen shekara, ta farko tun dawowarmu. Bayan magariba ta sa, domin da rana rabinmu suna kasuwa rabi suna gona, kuma an ɗan sassauta dokar hana fita, ana iya kaiwa bayan isha a waje. Kowace ta zo da abin da ta iya dafawa. Na ce to, ga dama ta samu.

Sai dai ranar ta zo da sanyin da ban taɓa ji ba. Mu a Mubi mun san sanyi, duwatsu ne kewaye da mu, amma na shekarar nan daban ne. Man gyaɗa ya daskare a kwalba sai an kara shi a wuta. Ruwan randa in ka taɓa sai ka ji kamar an yanke ka. Akuyata ta shige madafa ta kwanta cikin toka, na kore ta ta dawo, na ƙyale ta don na ga ta fi ni gaskiya. Limamin unguwarmu da ya saba jan dogayen surori da asuba, maigida ya ce a makon nan gajeru kawai yake kawowa, kuma ba a samu mai ƙorafi ba.

Dambun shinkafa na ce zan yi, da zogale da gyaɗa da albasa mai yawa. Tun la'asar na kira maƙwabciyata ta taya ni, ita ta yanka albasa, ita ta dake gyaɗa. Ban ce mata komai ba sai da rana ta fara ja, ta miƙe tana karkaɗe zane. Na riga ta zuwa gidanta na zauna daram a dokin ƙofar ɗaki.

"Adda, ka tashi in shiga."

"Ba zan tashi ba. Yau Nassarawo za mu."

"Adda, ka san ba zan iya ba."

"To ki tsallake ni ki shiga. Amma wallahi nan zan kwana, cikin sanyin nan, da ciwon gwiwata. Gobe in an zo ɗaukar gawata ke za ki yi wa 'ya'yana bayani."

Ta yi kuka, ta zage ni da yarensu, zagin da na sani sarai don ita ta koya mini shi. Na bari ta gama. Sannan na sassauta murya na ce, "Ƙanwata, ko ki bi ni Nassarawo yau, ko ki bi ɗanki Yola wata mai kamawa. Ki zaɓa." Can ta ce, "Za ka riƙe hannuna har mu dawo?" Na ce, "Ko kin ce in saki ba zan saki ba."

Na yi sallar magariba na shiga shiri. Safar maigida biyu a ƙafa, wandon sanyi a ƙarƙashin zane, zane a kan zane, suwaitarsa ta zuwa masallaci, hular sanyi a ƙarƙashin ɗankwali, man kaɗanya a fuska har ina ƙyalli. Sai dambu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in za ta kai abinci wani gida lokacin sanyi ba ta ɗora shi a ka. Takan zuba a samira mai murfi, ta naɗe da tsumma, ta ɗaure a ciki da majanyi kamar goyon gaba, ta rufa mayafi a kai. Abinci ya isa da zafinsa, ita ma ta isa da ɗuminta. Duk 'ya'yanta haka muka taso muna yi, ba mu taɓa ganin wani abu a ciki ba. Haka na yi ranar, na ɗaure samira tamau, na zumbula hijabina babba mai sauka har gwiwa. Da na tuna gidan Malama akwai janareta, mu kuwa tun da aka dawo ba mu ga wuta ba, sai na soke wayata da cajarta a bakin zane. Wa zai je gidan janareta ba caja?

Maigida ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Da tsufanki? Yaushe ne suna?" Na ce masa ya fara neman rago. Shi abin da ya gani ke nan, ciki. Ni kuma ɗumi kawai nake ji. Babu ɗayanmu, ni da shi da ita, da ya tsaya ya yi tunanin abin da baƙo zai gani in ya hango mace da babban hijabi da tudu a gaba cikin duhu, a irin waɗannan shekaru. Yau in na tuna sai in riƙe baki. Manya uku, gida biyu, ba a samu mai hankali ɗaya ba.

A ƙasa muka tafi, don an hana babur a gari, masu keke mai ƙafa uku kuma sanyi ya kora su gida. Hannuna na dama yana cikin nata, ta damƙe shi har zobena yana cizona. Iska tana tasowa daga wajen rafi, mayo muke ce masa a nan, tana yankan kunne. Amma garin bai mutu ba. Ga mai shayi mutane sun kewaye shi sun dunƙule cikin barguna, ga mai tsire yana fifita wuta, ga wasu dattawa sun haɗa kara a ƙofar gida suna jin ɗumi. Ina tafe ina nuna mata: "Kin gani? Mutane ne. Wancan ba mai gyaran rediyo ba ne? Ga shi yana shan shayinsa, ba abin da ya cinye shi." Ƙofar shago in ta buga sai ta zabura. Amma ƙafa tana bin ƙafa, ni kuwa abin da nake so ke nan. Dambu kuma yana aikinsa, cikina ɗumi kamar na rungumi murhu, har ina tausayin masu barguna.

Matsala ɗaya ce, suwaitar santsi gare ta. Tun muna rabin hanya na ji majanyi yana saki, samira tana zamewa a hankali. Hannun dama na riga na yi alkawari da shi, sai na cusa na hagu ƙarƙashin hijabi na tallafe ta. Ban sani ba ashe igiyar cajar ma ta zazzago tana reto a ƙasan hijabin.

Kafin a shiga Nassarawo ta hanyarmu akwai wata ƙaramar gada a kan mayo. A nan masu gadin unguwa suke zama, maharba da 'yan banga, sun gitta itace a hanya sun hura wuta a gefe. Ƙa'idar kowa ya san ta a lokacin: in duhu ya yi ka tsaya daga nesa, ka ɗaga hannu biyu sama, a haska ka, sannan ka wuce. Labarin matan da ake ɗaura wa bam a tura su cikin jama'a ya cika ko'ina, ba mai wasa da wannan. Ni kaina na sha cewa duk mai yi wa masu gadi gardama ba ya son zaman lafiya. Sai dai kullum da rana nake wucewa wurin, hannuna sake.

Tocila ta dallare mu. "Ku tsaya nan! Hannu sama!"

Maƙwabciyata ta zare hannunta daga nawa ta ɗaga biyu. Ni na ɗaga na dama.

"Hajiya, ɗayan fa?"

Ni da masu awo suke sauke murya in na shigo kasuwa, ni da ba a taɓa rufe mini baki a taron biki ba, sai na buɗe baki na ce, "Yana riƙe da abu."

Hasken tocila ya sauka kan cikina ya tsaya. Ya gangara ƙasa, kan igiyar da ke reto. Ya sake hawa sama. Ashe murfin samira ya goce, tururi yana fita ta wuyan hijabina, cikin sanyin nan da hasken nan ya zama kamar hayaƙi.

Wani ya ce, "Wane abu?"

Na ce, "Mai zafi ne."

Jama'a, har yau ban san wanda ya ba ni wannan amsa ba. Sunan dambu yana nan a kaina, ina ganinsa, amma ya ƙi saukowa baki.

Wuri ya tarwatse. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin mayo, sa'arsa ruwa ya ja baya, sai laka da sanyi. Wani ya yi tuntuɓe da benci ya kife butar shayinsu a wuta. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, wani dattijon maharbi mai rigar layu. Ya durƙusa a bayan itacen ya saita ni da bindigar toka, na ji ƙarar da ta yi da ya ɗana ta. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Kada ki motsa hannun nan. In kin motsa, Allah ya gafarta mini."

Na yi shahada a zuci. Abin da ya zo mini bayanta kuma, Allah shaida, ba 'ya'yana ba ne. Cewa na yi, shi ke nan, na fito da baiwar Allah don in warkar da ita, na kawo ta inda za a harbe ni a gabanta. Daga yau ko da rana ba za ta sake fita ba.

Sai na ji ta motsa. Na ɗauka gudu za ta yi, kuma ban ga laifinta ba. Ashe gabana ta shiga. 'Yar ƙaramar mace da ko kafaɗata ba ta kai ba, ko rabina ba ta rufe ba, ta tsaya tsakanina da bakin bindiga ta buɗe murya da yaren Gude. Muryar da na shekara ban ji ba. Ban tsinci duka ba, amma na ji ta ambaci sunan mijinta, ta ambaci gonarsu, na kuma ji ta taɓa uwar wani. Sannan ta juyo Hausa: "Dambu ne! Dambu! Ni na yanka masa albasa, ku zo ku shinshina hannuna! Wannan Addana ne, katanga ɗaya muke. In za ku harbe shi ku fara da ni!"

Dattijon ya ɗan sauke bindiga ya amsa mata da yarensu. Ashe mutumin wajen Mugulbu ne, gonarsa tana kallon tasu. Sai ya ce da Hausa don in ji, "Ke na san ki. Ita ban san abin da ke cikinta ba. Ki buɗe da hannunki, ita kada ta taɓa."

Ta juyo ta yaye mini hijabi kamar za ta yi wa yaro wanka. Tana kwance majanyi tana faɗa: "Kai Adda, a gida ka cika baki, ka zo nan ka zama bebe. Saki! Na ce ka saki, na riƙe." Ta ciro samira, ta ɗaga ta sama cikin hasken tocila, ta cire murfi. Ƙamshin zogale da albasa da man gyaɗa ya bi iska ya tsallaka itacen.

Can sai muka ji murya daga ƙarƙashin gada: "Baba, ya tashi ne?"

Dattijon ya ce, "Bai tashi ba. Fito, har da gyaɗa a ciki."

Mutumin ya hawo, laka har ƙugu, yana rawar ɗari. Maƙwabciyata ta dube shi, ta dube ni da suwaitar maigida da safa biyu da igiya tana reto, sai kawai ta zauna daɓas a tsakiyar hanya da samira a cinya ta fashe da dariya. Irin ta aji, mai sa ta tari, har tana buga ƙasa da hannu. Ni kuma sai a lokacin bakina ya dawo, ya kuwa dawo da ƙarfinsa. Na wanke su tas. Na ce ƙattan maza, ga bindiga ga layu, dambu ya watsa ku.

Dattijon ya bari na gama, sannan ya ce, "Hajiya, kin gama? To ki gode wa Allah ni ne a nan, ba mai saurin hannu ba. Dabarar nan na san ta, tawa uwar da dafaffen dankali take yi. Amma zamanin ya canza. Nan gaba ki ɗora a ka, kowa ya gani." Gaskiya ya faɗa, ni kuma duk faɗana ba na ja da gaskiya, sai dai in ban gane ta ba.

Ba su bar mu mun wuce haka nan ba. Ya ce doka ce, duk abin da aka kama sai an bincika shi. Suka wanke hannu, suka kira mu bakin wuta, suka bincika dambu har ya kusa rabi. Wanda ya faɗa mayo na cire safa ɗaya na ba shi, da zanen sama ya yafa, don leɓensa ya fara canza launi. Yana ci yana ba ni haƙuri, ina ce masa ya rufe baki ya ci. Dattijon ya dubi maƙwabciyata ya ce, "Ban samu na zo miki gaisuwa ba. Mijinki mutumin kirki ne, duk damina shi yake ara mini garma." Na ce a raina yanzu za ta rushe. Sai ta amsa masa a natse, har ta tambaye shi ko ya samu dawa bana. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi sama, taurari sun fito tarwai saboda sanyi, ta ce, "Adda, dare ya yi fa."

Na ce, "Ya yi."

Ta ce, "To ga ni."

Dattijon da kansa ya raka mu har ƙofar gidan Malama, bindiga a kafaɗa, samira a kaina. Muka tarar da mata sun cika tsakar gida, kowace cikin bargo, an jera kaskon garwashi a tsakiya, ga masa, ga kunun gyaɗa, ga wayoyi an tara a bakin soket ɗaya ana faɗa a kan layi. Da suka ga wadda ta shigo bayana sai guɗa ta tashi. Malama ta rungume ta. Ita kuwa ko zama ba ta yi ba, ta ce a ba ta kwano da hijabi. Ta cusa kwano a riga, ta ɗaga hannu ɗaya, ta zare ido, ta ce da irin muryata, "Yana riƙe da abu." Mata suka kwanta. Ta koma ta zama mai tocila, ta zama dattijo, ta zama mai faɗawa mayo, ta kusa faɗawa cikin kasko. Na ce a gaya wa mutane gaskiya, ban zare ido haka ba. Ba wadda ta saurare ni.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure da ƙarfi. Maigida ne da ɗanta, suna haki, ko hula maigida bai tsaya sakawa ba. Ashe labari ya riga ya koma unguwarmu cewa an kama wata ƙatuwar mata da bam a bakin mayo. Maigida ya ce mini, "Da aka ce ƙatuwa ce gabana ya faɗi. Da aka ce matar ta kasa magana sai hankalina ya kwanta, na ce ba tawa ba ce. Wannan yaron ne ya matsa mu zo."

Ɗan nata kuwa ya tsaya a bakin zaure kamar an dasa shi. Uwarsa ce a tsakiyar fili, kwano a riga, hijabin wata a ka, tana share hawayen dariya.

Ya ce, "Mama?"

Ta ce, "Me ka zo yi cikin mata? Ka ci abinci?"

"Mama, dare ne fa."

"Na gani, ina da ido."

Na ce, "Ɗana, bakin titi ka ce. Nan kuwa Nassarawo ne."

Ya shafa kai, ya dube ta, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Goggo, kin ci. Amma don Allah nan gaba ki yi mata magani ba tare da bindiga ba." Malama ta sa aka miƙa musu sauran dambu a zaure, muka ƙarasa hira, muka kamo hanya kafin lokacin doka. A gadar nan ni da ita muka ɗaga hannu huɗu cif, masu gadi suna tambaya ko akwai sauran abin bincike.

Ba zan ce ta warke a dare ɗaya ba, ni ba na ƙarya don labari ya yi daɗi. Akwai yammacin da ta sake shigewa ɗaki, akwai wanda sai da na yi ta bugun ƙofa. Amma Yola ba ta je ba. Ta koma aji, ta nome gonar baban yara, har yau muna nan muna faɗa.

Abin da na ɗauka daga wannan fita shi ne, na bar gida ina ganin ni ce mai ƙarfi, ita kuma kaya ce da nake ja. Na shekara ina mata faɗa, ina lallashi, ina ce mata ta daure, ba abin da ya motsa. Ranar da ta ga ni ce a bakin halaka kuma ba mai tsaya mini sai ita, tsoron bai samu wurin zama ba. Tun daga nan, in na ga wanda duniya ta karya, ba na tsayawa yi masa wa'azin ƙarfin hali. Cewa nake yi, taso ka taimake ni, ni kaɗai ba zan iya ba. Sau da yawa ma ba ƙarya nake yi ba.